Awon Fuskar Ɗiyar Fari

Hamsatu matar Magaji ta Kashin Zama ta haifi 'ya'ya biyar. Huɗu daga ciki, ko da ido rufe, tana iya gaya maka inda kowane tabo yake a jikinsu. Ta farin ce ba ta sani ba. Ba ƙiyayya ba ce, kada wani yaron zamani ya ji ya kama surutu. Hamsatu ɗiyar Fulanin Kuberi ce ta ƙasar Maiyama, a gidansu kuwa mace ba ta kallon ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ba a ji wanda ya lalace saboda haka ba. Ana yaye Rahma kakarta ta wajen uba ta goya ta zuwa Birnin Malam, can ta girma. Sai bara da tsohuwa ta rasu aka maido ta gida, yarinya doguwa mai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, mai yawan rufe baki da gefen hijabi. Hamsatu takan ce mata "ke", in kuma za ta ambace ta ga wani sai ta ce "mutuniyar Birnin Malam". Ita kuwa Rahma tana ce mata Adda, kamar yayarta ce.

Wadda ta fara lura da abin ita ce Humaira, ƙanwar Magaji, da ke aure a Jega gidan wani mahauci. Mace ce mai baki, ba ta ganin abu ta haɗiye. Ta zo suna a ƙauyen, ta ga Rahma tana cin tuwo tana yamutsa fuska, ta kama ta ta buɗe mata baki, ta tarar cikin kuncinta duk miki ne, don kullum in tana tauna sai ta ciji kanta. Da ta ja da baya ta dube ta, sai ta ce haɓar yarinyar nan ta karkace hagu. Magaji ya ɗauke ta a babur ya kai ta wajen wani maɗori a Aliero. Tsohon ya laluba muƙamuƙin ta nan da ta can, ya ce shi karaya da targaɗe ya gada, wannan kuwa ba ko ɗaya ba ne, a nemi masu haƙori. To, akwai wata likitar haƙora, Mardiyya, da ke zuwa wani ɗan asibiti a Jega ranar kasuwa. Humaira ta kai yarinyar, likita ta duba, ta ce a koma a taho mata da uwar.

Hamsatu ta so ta ƙi. Magaji ya ce ta je, tunda an ce ita ake nema. Haka ta bi Humaira da yarinyar, ta shiga ɗakin likita tana bin bango, ta sami kujerar da ke fuskantar ƙofa ta zauna, ta ba wa ɗiyarta gefe.

Likitar ba babba ba ce, amma tana da natsuwa. Ta gaishe ta gaisuwar mutunci, ta tambayi gida da albasa, sannan ta ce ba don komai ta kira ta ba sai don ta auna fuskarta. Hamsatu ta zaci ba ta ji daidai ba. Ta san ana auna gero, ana auna yadi, ana auna fili in za a raba gado. Ba ta taɓa jin an auna fuskar mutum yana raye ba. Likita ta ce karkacewar muƙamuƙi wani lokaci gado ce, tana so ta gani ko daga wajenta abin ya fito. Humaira ta ce ai ko ba a auna ba daga wajen Fulani ya fito, su danginsu fuskarsu awa an zana. Hamsatu ta ce mata in an zana to mai zanen yana jin barci. Likita ta yi murmushi ta roƙe ta ta ɗan ja hijabi baya har a ga inda gashi ya fara.

Ta ɗauko wani ƙarfe mai baki biyu kamar awartaki, mai lambobi a jiki. Ta aza bakinsa ɗaya a farkon gashi, ɗayan a tsakanin gira. Ta sauko daga tsakanin gira zuwa gindin hanci, daga gindin hanci zuwa ƙarshen haɓa. Tana yi tana bayani: tsawon fuska kashi uku ne, kuma a yawancin mutane kashi ukun kusan ɗaya suke. Faɗin fuska kuma, in ka ɗauki tsawon ido ɗaya ka jera, sau biyar za ka samu daga kunne zuwa kunne, tsakanin idanun nan biyu ma ido ɗaya ne ke shiga. Hamsatu ta manta da kunya ta tambaya ko har mummunan mutum haka yake. Likita ta ce wannan ba awon kyau ba ne, awon inda ƙashi ya zauna ne, kuma ba wanda Allah ya yi daidai cif kamar an yanka da wuƙa. Daga nan ta ɗiga mata ɗigo da alƙalami a tsakanin gira, da kan hanci, da ɗan kwarin da ke saman leɓe, da tsakiyar haɓa. Ta saki zare daga goshi, ta riƙe mata madubi. Ɗigo huɗun nan duk suka kwanta a bayan zaren kamar an shuka su a kunya guda.

Hamsatu ta daɗe tana duban madubin. Shekara talatin da wani abu tana yawo da wannan fuska, ba ta san akwai hanya miƙaƙƙiya a cikinta ba.

Aka auna Humaira a madadin dangin uba, tunda Magaji gemu ya rufe masa komai. Ita ma zare ya bi ta tsakiya, sai dai likita ta ce kashinta na ƙasa ya ɗan fi sauran tsawo. Hamsatu ta ce ai dole, wurin ya sha aiki.

Da aka zo kan Rahma sai aiki ya tsaya. Hamsatu ba ta gani, ƙofa take kallo, amma tana ji. Likita ta ce ta ɗaga kai ta dubi idonta a madubi, yarinya ta sunkuyar. Ta ce ta saki baki kamar ba kowa, yarinya ta ƙara damƙe haƙora. Ta lallashe ta, ta sa ta haɗiye miyau, ta sa ta ƙirga, ta kama haɓar da hannu tana jijjigawa a hankali ko za ta saki. Muƙamuƙin nan kamar an ɗaure da tsirkiya. Yarinya ce da aka koya wa ladabi, ga babba a gabanta, ga kuma shekaru da ta yi yara suna ce mata mai karkataccen baki. In ido ya sauka a kanta, fuskarta rufewa take yi, ba da saninta ba ma.

Likita ta aje ƙarfen ta juyo wajen Hamsatu. Ta tambaye ta ko tun yarinyar tana ƙarama haɓar take haka. Hamsatu ta ce ba ta sani ba. Ko ta taɓa faɗuwa ta bugu a muƙamuƙi? Ba ta sani ba. Da wane gefe take tauna? In ta shagala, bakinta a rufe yake ko a buɗe? Hamsatu ta dubi yatsun ƙafarta.

Humaira ta ce, "Likita, ɗiyar fari ta. Wagga matar in kin tambaye ta hancin ɗiyan nan guda nawa na, sai ta ce a tambayi maƙwabta."

Likita ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta ce ta sani, ita ma tata uwar ba ta taɓa kiran sunan yayansu ba. Sannan ta shimfiɗa musu maganar yadda za su gane. Haƙoran Rahma na sama sun matse, ganɗarta ta yi ƙunci, na sama ba su rufa na ƙasa yadda ya kamata. Abu biyu ne ke iya karkatar da haɓa. Ko dai ƙashin ne da kansa ya fi tsawo ta gefe guda, wannan sai an jira ta gama girma a kai ta babban asibiti a yi aiki. Ko kuwa ƙashin lafiya lau yake, haƙoran ne in sun zo haɗuwa suke tuntuɓe da juna, sai muƙamuƙin ya zame gefe yana neman wurin zama. In wannan ne, da sauƙi, akwai abin da ake sa wa a baki ya buɗa ganɗar a hankali. Amma yanzu ake yi, tun ƙashi yana ɗanye. In aka bari ta girma a haka, ƙashin zai bi karkacewar ya ƙage, mai sauƙin ya koma mai wuyar.

Ta ce hoton ƙashi zai taimaka, za a yi shi, amma shi ma in ta damƙe baki, damƙaƙƙen baki zai nuna. Abin da take so a gano ƙarami ne. Lokacin da yarinyar ta manta da kanta, leɓe a sake, haƙora ba su taɓa juna ba, ina tsakiyar haɓar take? Tana ƙarƙashin hanci, ko tana gefe? Wani a gida ya duba mata ta gaba sosai, ba ta gefe ba.

Humaira ta ce wannan aikinta ne. Ta riƙe Rahma a gidanta na Jega. Ta leƙa ta taga, ta laɓe bayan tulu, ta yi kamar tana duba waya alhali hoto take son ɗauka. Duk a banza. Mace irin Humaira ko inuwarta ƙara take yi. Yarinyar kuwa ta riga ta san ana farautar fuskarta, sai ta koma kwana da hijabi. Da Humaira ta gaji ta maido ta Kashin Zama, ta ce wannan ɗiya ko aljani bai ganin haƙorinta.

Magaji ya saurari bayanin duka yana wanke ƙafa. Mutum ne mai haƙuri amma ba ya son abin da ba shi da kai. Ya ce an je wajen maɗori, an je wajen likita har sau biyu, ba wanda ya ce ga abin da za a yi. Ga cirar albasa ta kama, rudun ajiyarta bai gama gyaruwa ba, ba zai riƙa sakin mata a kan hanya kowace kasuwa ba. Su koma sau ɗaya. In likita ta faɗi magana, to. In ba ta faɗa ba, a bar yarinya yadda Allah ya halicce ta, ai tana ci tana sha. Hamsatu kuwa ba ta da bakin cewa komai a kan ɗiyar fari, ko a gaban mijinta.

Amma maganar zaren nan ta ƙi barinta. Ta kama kanta tana raba fuskokin mutane uku-uku. Mai tallan nono ta shigo, Hamsatu tana ciniki tana duban ko ido ɗaya zai shiga tsakanin idanunta. Ta duba ƙananan 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya, suna dariya suna zillewa. Har akuya ta tsaya ta duba. Fuska ɗaya ce kawai a gidan ba ta bi ta kanta ba, ita ce kuma aka aiko a duba.

Lokacin gabu ne. Maza suna cire albasa, mata suna kwaso lawashi su daka su cura su shanya. Wata rana da hantsi tana zaune a gindin turmi tana curawa, Rahma tana tsinke busasshen ganye daga ɗanye, tsakaninsu bai fi tabarma guda ba. Yarinyar tana rera wata 'yar waƙa a maƙogwaro, irin ta mutanen Birnin Malam. Hamsatu ta san wannan sautin, kullum tana jin sa in suna aiki su biyu. Sai wata maƙwabciya ta yi sallama ta shigo aron rariya. Waƙar ta yanke. Hamsatu ta ji ƙarar hijabi an ja shi zuwa baki. Maƙwabciya ta fita, aka ɗan jima, waƙar ta dawo.

Hannun Hamsatu ya tsaya a cikin lawashin. Ashe duk duniya mutum ɗaya ne yarinyar nan ba ta ɓoye wa fuska, ita ce wadda ta tabbata ba za ta duba ba. A wurin Rahma, zama kusa da Adda daidai yake da zama kusa da bango. Abin da Humaira ta yi ta laɓe-laɓe tana nema, kullum yana nan a buɗe a gefen Hamsatu.

Ta fara neman hanyar da za ta gani ba tare da ta duba ba. Ta aje kwanon ruwa a tsakaninsu wai na wanke hannu, tana satar kallon cikinsa. Ruwan ya nuna mata ƙasan haɓa da ramukan hanci da sararin sama, kaza kuma ta zo ta sa baki ta wargaza. Washegari ta zauna inda inuwar yarinyar ke faɗa wa katanga. Inuwa gefe take nunawa, likita kuwa ta ce ta gaba. Ta jingina murfin kwanon silba a jikin turmi, ya ba ta fuska mai faɗi kamar faifai, wadda ko uwar da ta haife ta ba ta gane ta ba. Ta yi tsaki ta kife shi. Ranar kasuwa kuwa tana ƙaratowa.

Mutanen yanzu suna ganin ɗaga ido abu ne mai sauƙi, don su ba abin da ba su kalla. Hamsatu ta ji kamar za ta tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Ta tuna uwarta a ruga, yadda take miƙa wa yayansu ƙwarya tana kallon shanu. Ta duba ƙofar gida, ta duba katanga ko wani yana leƙe. Ta ja tabarmarta ta koma daidai gaban yarinyar, ta ce rana ce ta dame ta, ko da yake ba wanda ya tambaye ta. Ta jira har waƙar ta kama. Sannan ta ɗaga kai.

Abin da ta fara gani ba haɓa ba ne. Goshi ne mai faɗi irin na mahaifin Hamsatu na Kuberi, har da yadda gashi ya shigo tsakiya ya yi tsini. Girar hagu tana da ɗan tsagi, tsohon tabo, ba wanda ya taɓa gaya mata yarinyar ta ji ciwo a nan. Gashin ido dogaye. Ta kusa shagala, sai ta tuna aikin da ya kawo ta. Ta kafa ɗigo a ranta a tsakanin gira, ta sauko ta karan hanci, ta bi kwarin leɓe. Leɓen a sake yake, haƙora ba su haɗu ba, ana ganin ɗan duhu tsakaninsu. Ta sauko haɓa. Tana nan a ƙarƙashin hanci, daidai, kamar tata.

Ta sauke kai. Amma Hamsatu ba mai ɗaukar gani ɗaya ba ce, ko ƙwai za ta saya sai ta jefa a ruwa. Ta tashi ta ɗauko ƙuli-ƙuli ta aje a gefen yarinyar, ta koma ta zauna. Rahma ta ɗauka ta kai baki. Nan ta ga abin da idonta. Muƙamuƙin ya taso miƙe, har haƙoran suka taɓa juna ta dama, sai ya yi wata 'yar tsayawa, ya zame hagu ya zauna. Kowace tauna haka. Ya taso daidai, ya taɓa, ya zame. Kamar ƙyauren da ƙasa ta tokare, sai an ɗan karkata shi yake rufuwa.

Ta duba a ranar har sau da yawa. Ta duba washegari. Gaskiya ita ce tun a rana ta biyu ta gama sanin abin da likita ke nema, sauran duban nata ne.

Saura faɗa. A motar Jega ta yi ta juya abin. Da suka isa gidan Humaira, Hamsatu ta ja ta bayan ɗaki ta gaya mata ƙasa-ƙasa, ta ce in sun shiga Humaira ce za ta faɗa wa likita, kamar ita ta gani. Humaira ta riƙe haɓa tana kallonta, ta ce ashe fulako, kunyar nan ta Fulani, shi ma yana da ƙofar baya. Hamsatu ta ce in ta sake ta ji wannan magana a bakin wani, ba ita ba ita. Humaira ta rantse, tana dariya.

A ɗakin likita kowa ya koma mazauninsa, Rahma a kujerar awo da ɗigo huɗu a fuska da haƙora a damƙe, Hamsatu tana fuskantar ƙofa. Humaira ta gyara murya ta ce ta duba, haɓa tana tsakiya in an saki baki. Likita ta ce madalla, ta tambaye ta a wane lokaci ta gani. Humaira ta ce da rana. Tana me? Tana zaune. To in ta zo rufe baki, tun daga farko yake karkacewa ko sai haƙora sun haɗu? Humaira ta ce eh. Likita ta ce eh wanne? Ta wane gefe haƙoran ke fara taɓawa? Humaira ta ce hagu, sannan ta ce dama, sannan ta ce ai ita ba ta shiga cikin bakin ba. Likita ta aje alƙalami. Ta ce ba za ta iya sa wa yarinya ƙarfe a baki a kan wataƙila ba, in ba a tabbatar ba sai dai su sake dawowa.

Hamsatu ta san ba wata dawowa. Ba ta juyo ba, ƙofar ta yi wa magana.

"Ta dama suka fara taɓawa."

Likita ta sake ɗaukar alƙalami, Hamsatu ta ci gaba:

"In tana waƙa, ko ta shagala da aiki, leɓenta a sake yake, haɓar tana ƙarƙashin hanci, ba ta kauce ko kaɗan ba. In za ta tauna, miƙe yake tasowa. Sai na dama na can ciki sun taɓa, shi ɗan tsaya, kana shi zame hagu. Da hagu take tauna. In ta gaji takan tura harshe ta ɗan kwantar da kai dama." Ta ƙara da cewa, "Kuma akwai tabo ga girarta ta hagu, ban san mi ya same ta ba, ko shina da amfani gare ki."

Likita ta ce, "Ke kika gani, Inna?"

"Ni nig gani."

Sai Hamsatu ta ji likita ta yi magana da wata murya ƙasa-ƙasa, irin ta mai lallaɓa tsuntsu: "Rahma, kada ki motsa. Zauna haka."

Wannan karon ba ta nemi kwanon ruwa ba, ta waiga. Yarinyar ta saki hijabi, ta zuba mata ido, baki a buɗe don mamaki. Ta manta da likita, ta manta da madubi, ta manta tana da haɓa. Likita ta riga ta saki zare daga goshinta. Ɗigon gira, ɗigon hanci, ɗigon leɓe, ɗigon haɓa, duk suna bayan zaren. Ta ce mata ta rufe baki sannu-sannu, kamar mai tsoron fasa ƙwai. Su uku suna kallo muƙamuƙin ya taso, ya taɓa, ɗigon ƙasa ya fice daga bayan zaren ya koma hagu. Likita ta sa ta maimaita, ta aza ƙarfenta ta auna iyakar zamewar, ta rubuta.

Ta ce mai sauƙin ne, in Allah ya yarda. Za a yi hoton ƙashi don a ƙara tabbatarwa, tabon girar ma ta ji daɗi da aka faɗa, za ta duba ko faɗuwar ta taɓa gaɓar muƙamuƙi. Yau za ta ɗauki siffar haƙoran da wani kwaɓi kamar ƙullu, a kai a ƙera abin daidai bakinta. Humaira ta buɗe baki za ta yi tsiya, ta dubi matar wanta, ta fasa. Rahma ta mayar da kai ƙasa, amma ba ta ja hijabin ba.

Likita ta jawo aljihun tebur ta fito da irin abin don su gani. Ɗan ƙarfe ne mai ƙafafu da ke kama haƙoran ciki, yana kwanciya a ganɗa, da wani ɗan rami a tsakiya. Ta fito da wani siririn tsinke na ƙarfe mai mariƙi, ta ce wannan ne mabuɗinsa. Abin ba ya aiki da kansa. Kullum sai wani ya kwantar da yarinyar a wuri mai haske, ta buɗe baki, ya duba ciki sosai, ya sa mabuɗin a ramin ya murza sau ɗaya. Ita ba za ta iya yi wa kanta ba. In ba a sami mai yi ba, gara kada a fara.

Humaira ta ce ita tana Jega, kuma mijinta ba zai bar ta ta tare a Kashin Zama ba. Ta ce Magaji kuwa, da yatsun nan nasa na noma, sai ya haɗa da harshen ya murza. Ko a bar yarinyar a wurinta? Likita ta ce duk ɗaya ne a wurinta, muddin mutum ɗaya ne mai natsuwa, wanda yarinyar za ta sakar wa baki. Ta tambayi Rahma wa take so. Rahma sai murza gefen hijabinta take yi.

Hamsatu ta miƙa hannu. Likita ta aza mata mabuɗin a tafi. Ba shi da nauyin komai, bai kai allurar ɗinkin buhu ba. Hamsatu ta juya shi, ta kai shi kusa da ido, ta ɗauki ƙarfen ta nemo ramin, ta gwada sa bakin tsinken a ciki. Ya shiga. Ta jawo kujerarta daga wajen ƙofa zuwa gaban tebur.

Ta ce, "To, ta wane gefe aka murza shi, gaba ko baya?"